Hancin Bambo Matewere

Litinin, 2 ga Oktoba

Mayi Chiwaya, Malama Chiwaya dai, ta dawo da motarta, karo na biyu. Wai har yanzu warin fetur take.

Na shiga na rufe ƙofofi, na ɗage gilasai, na zauna a kujerar baya inda take jera yaran da take kaiwa makaranta. Na shaƙa har ƙirjina ya yi zafi. Babu komai. Na fito na sunkuya a bakin tanki, na kwanta ƙasa na bi tiyo da hanci tun daga tanki har gwangwanin gawayi. Babu komai, Allah shaida ne. Murfin tankin ma sabo ne, da hannuna na sa shi makon jiya, don shi ne ɓarawon farko a irin wannan aiki.

Na gaya mata. Sai ta dube ni ta saman tabarau, ka ce ɗan ajinta ne ya zo bai yi aikin gida ba. "Bambo Matewere, shekara talatin na yi ina koyarwa kafin in ajiye alli. Na san yaron da ke ƙaryar ciwon kai, na kuma san wanda kansa ke ciwo." Wai cikin yara shidan nan, biyu sun yi amai ranar Juma'a.

To, yaran yanzu da ake ɗura wa alawa tun da sassafe, ba dole su yi amai ba?

Ni ake koya wa wari. Ni! Shekara talatin da ɗaya ina wannan rumfa a Ndirande, kuma in ban da matar nan da faston cocinmu babu mai kirana Matewere. Bambo Hanci ake ce mini, wato Malam Hanci. Mota kan wuce a titi in gaya wa mai ita kulocinsa na ƙonewa tun shi bai sani ba. Daga Limbe ake jawo mini mota don kawai in sunsuna.

Abin ai ba tsafi ba ne. Fetur yana tururi a tanki, tiyo ya kai tururin gwangwanin gawayi, gawayi ya riƙe shi, inji ya zuƙe ya ƙone. In an sami ƙofa a hanya, ko da kamar ta allura ce, tururi ya fita, fitilar inji ta kama, hanci ya ji. Fitilarta ta kama, wannan na yarda. Amma rabin motocin Blantyre da fitilar nan a kunne suke yawo, sauran rabin kuma an liƙe ta da baƙin tef. Na ce ta tafi, motarta lafiya lau.

Talata, 3 ga Oktoba

Zafi kamar a toya mutum. Matata Nachisale ta ce kifin usipan da na sayo a kasuwa ya lalace, wai tun daga ƙofar gida ta ji. Na ce ta dafa nawa. Na ci, ga ni garau. Shekara talatin da aure, har yau matar nan ba ta taɓa yaba cefanena ba.

Laraba, 4 ga Oktoba

Yau ma an taru a tsallaken titi, wajen Pilirani. Sai ka ce majigi ake nunawa.

Yarinyar da na sani tana tallan gyaɗa a gefen marigayi babanta, ita ce ta je Joni, babban birnin nan na ƙasar waje, ta yi shekara takwas a garejin wani, ta dawo ta buɗe nata daidai gaban nawa. Duk faɗin Ndirande ba ta ga wuri ba sai nan. Ta zo da wani ɗan akwati mai fitar da hayaki. A jona shi a tiyo, a toshe mafitar iska, a hura hayaki a ciki, a tsaya ana kallon inda zai ɓullo. Shi ke nan fa aikin. Mutane na ta tafi kamar ta ta da matacce.

Namakhwa mai faci, maƙwabcina, har da barin taya a ruwa ya je kallo. Ya dawo yana washe baki. "Achimwene, ɗan'uwana, an yi wa hancinka ƙane a Joni, kuma shi ba ya mura." Na ce ya je ya kula da tayarsa, tun safe take kumfa bai gani ba.

Da yamma ita kanta ta tsallako, ta rusuna ta gaida ni, hannu a ƙirji. Ladabi kam ba a raba ta da shi, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi. "Bambo, na ga motar Malama ta dawo. In kuna so ku gwada akwatin, ku aiko kawai, ba sai da ko kwacha ɗaya ba."

Aro! Na ce mata ranar da na buƙaci akwati, na gawa ne, kuma kafinta zan nema, ba ita ba. Ta yi dariya ta ce Allah ya nisanta. Ko fushi ba ta iya ba, balle mutum ya huce a kanta.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Na kashe yini guda a layin gidan mai. Tun bakwai na safe, sai uku da rabi na isa famfo.

Kuma mai zuba man, da famfo ya yi ƙas ya tsaya, sai ya zare wai tanki ya cika. Na ce kai, wa ya yaye ka? Na fito na kama gefen motar, wasu direbobi biyu suka taya ni, muka jijjiga ta sosai har iska ta fita, aka ƙara. Muka sake jijjigawa, aka sake ƙarawa, sai da na ga fetur da idona a wuyan tanki. Lita uku cur ya so ya hana ni. A garin da ba ka san ranar da tankar mai za ta sake zuwa ba, mutum zai bar lita uku a famfo?

Wannan dabara duk masu kawo mini mota na koya musu, har Mayi Chiwaya, tun wahalar man bara. Kyauta na ba su, babu wanda ya ce an gode. Ita mai akwatin hayakin ta san layin mai? Ta taɓa yini a rana?

Na dawo gida, Nachisale ta ce in cire rigar a waje, wai na jiƙe da fetur. Ɗan ɗigo ne kawai. Komai sai ta mai da shi labari.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ko a coci mutum ba zai huta ba.

Ana tashi Mayi Chiwaya ta tare ni a gindin mangwaro, a gaban matan zumunta. Ba ta ɗaga murya ba, malaman makaranta ba sa buƙata. Ta ce iyayen wata yarinya sun cire ta daga motar, sauran kuma sun ba ta mako guda. Ta ce da gilasai a buɗe take tuƙi yanzu, duk da haka ƙaramin cikinsu ya kwana biyu bai je makaranta ba.

"Zan kawo ta Laraba in bar muku har safiyar Asabar. Na ɗauki hayar wata kafin nan. In Asabar ta yi kuka sake ce mini lafiya take, Bambo, tsallaka titi zan yi da ita. Ba na so, don ku kuka riƙe motar nan tun maigidana na raye. Amma yaran mutane ne."

Tsallaka titi. Daga rumfata zuwa ta Pilirani taku ashirin ne, kuma a gaban masu wasan bawo, irin darar nan, waɗanda ba su da aiki sai zuba ƙwaya a rami da zuba sunan mutane a ƙasa. In motar nan ta fita daga hannuna ta shiga can, kafin azahar an ji a Limbe. Sunan da na gina shekara talatin da ɗaya, ba ni da gona, ba ni da gidan haya, shi kaɗai na tara.

Na ce mata ta kawo. Abincin rana ma kasa ci na yi don takaici, ga shi kwanan nan girkin Nachisale duk salam yake.

Litinin, 9 ga Oktoba

Maganar ta riga ta zaga. Ina wucewa wani daga cikin masu bawo ya ja hanci da ƙarfi, sauran suka bushe da dariya. Ban waiwaya ba. Biyu daga cikinsu ni na tura musu mota ranar aurensu da ta mutu a hanya.

Laraba, 11 ga Oktoba

Malama ta kawo motar. Kwana biyu ta yi a layi kafin ta sami mai, ta cika tanki har wuya yadda na koya mata. Aƙalla tana jin magana a wani wurin.

Na ɗora motar a kan rami, na yi aiki kamar sabon shiga. Na cire bawul ɗin da ke kai tururi inji, na jona shi a batir, ya yi ƙas-ƙas yadda ya kamata. Na hura shi da baki, a rufe yake ruf. Na canja tiyo biyu a gaban inji, ba don sun lalace ba, don dai kada a ce. Na kaɗa ruwan sabulu na shafe duk mahaɗar da hannuna ya kai, na matsa, na jira kumfa. Ko ɗaya. Na sake bi da hanci, gaba da baya, sau uku. Iska ce kawai.

To wai me suke ji? Ko dai haɗa baki aka yi? Na fara zargin yarinyar nan ce ke zuga Malama. Ba ni da shaida, amma ruwa ba ya tsami banza.

Gobe zan yi musu hayakin da suke so. Tun kafin a haifi Pilirani maigidana a sana'a ya koya mini: a toshe mafita, a kunna sigari, a zuƙa, a hura cikin tiyo. Kara biyu na saya, ni da na bar taba shekara goma. Su zo su ga akwatin da Allah ya yi.

Alhamis, 12 ga Oktoba



Matata ta doke ni. A gaban mutane. Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe a juya maganar.

Wajen sha biyu, rana ta take, rumfar kwano ta ɗau zafi. Ina cikin rami. Na zare tiyon da ke shiga gwangwanin gawayi, wani ruwa ya zubo mini a hannu, ya ɗiɗɗiga ƙasa. Ƙasan ramin ma a jiƙe yake. Na sunsuna hannun, ban ji komai ba, na ce ruwan sabulun jiya ne ya taru. Na goge a wando. Na dawo bakin matakala inda akwai haske, na sa sigari a baki, na zaro ashana.

Ban ga zuwanta ba. Ƙarar kwano kawai na ji a kan hannuna. Tuwon nsima can, miya can, ashana ta watse a ramin. Kafin in buɗe baki ta cafki wuyan rigata ta fizgo ni sama, matar da kullum take kukan ciwon baya. Tana ihu: "Kuna so ku bar ni da takaba? Tun daga wajen mai faci nake jin fetur! Ku fito! Ku fito, na ce!"

Namakhwa ya sheƙo da gudu, yana isowa ya ja baya ya toshe hanci da riga. Ya daka wa mai gasa masara tsawa ya janye gawayinsa. Pilirani ta tsallako da bokitin yashi ta zuba a ramin, ta cire kan batir. Masu bawo duk sun miƙe tsaye.

Namakhwa ya dube ni wani iri. "Achimwene, ba ka ji ba ne? Ai ko akuya ta wuce nan sai ta yi atishawa."

Na ce mura nake yi. Na juya kan Nachisale na zazzage mata duk abin da ke bakina. Na ce ta zubar mini da mutunci, na ce wa ya aike ta, na ce abubuwan da ba zan rubuta ba. Tana tsugune tana tsince kwanukanta. Da ta miƙe sai ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji: "Baban Fatsani, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Makaho. Ni.

Da na koma gida da yamma ta ci gaba, amma ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce tun zazzaɓin da ya kwantar da ni a Yuli ba na jin wari. Ta ce wake ya ƙone ƙurmus ina zaune a bakin murhu ban motsa ba. Ta ce ɓera ya mutu a bayan kabad kwana huɗu, jikokinmu suka ƙi shiga ɗakin, ni ina ciki ina jin rediyo. Ta ce girkinta bai canja ba, bakina ne. Ta ce ta yi shiru ne don ta san abin da hancin nan yake a wurina, tana roƙon Allah ya dawo da shi kafin in lura.

Wata uku tana kallona. Wata uku! Ashe a gidana ma ana rufe ni kamar mara lafiya. Na ce ƙarya take, na fita na bar mata abincin.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ban je gareji ba. Na ce ciwon kai.

Da Nachisale ta tafi kasuwa na kulle ƙofa. Na fara da albasa, na yanka na kai hanci. Ido ya yi ruwa, shi ke nan. Sabulun wankanta. Kananzir. Takalmina na aiki. Daga ƙarshe na ɗauko ɗan galan na fetur da nake ajiyewa a bayan gida, na buɗe, na sa hancina a bakinsa, na ja har kaina ya juya.

Kamar ruwan randa.

Na zauna a ƙasa ban san iya lokacin ba. Duk gaɓoɓin da ke jikina, a rasa wanda za a ɗauke sai wannan? Ga kunne, da shi nake jin surutun Namakhwa. Ga haƙora, rabinsu ma ba su da amfani. Na yi fushi da zazzaɓin, na yi fushi da likitan da ya ce na warke sarai, na yi fushi da Nachisale. Na nemi wani kuma da zan yi fushi da shi, na rasa.

Sai na tuna na zauna a kujerar bayan nan, gilasai a rufe, na fito na ce wa matar nan lafiya lau. Sau biyu. Yaro na zama a wurin minti arba'in kullum safe.

Gobe Asabar.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na ce in dai motar za ta tsallaka, to ni zan tsallakar da ita, ba wani ba.

Ba a tayar da inji a irin wannan hali, don haka turawa. Ƙarfe takwas, kasuwa ta cika, masu bawo sun baje. Na sa Namakhwa a sitiyari, na kafa kafaɗa a baya. Taku ashirin ɗin nan, ban taɓa tafiya mai nisansu ba. A tsakiyar titi, wajen ɗan tudun, ta ƙi gaba. Wata ƙaramar bas na ta yi mini oda. Sai na ji nauyin ya ragu, na duba, Pilirani ce a gefena tana turawa. Ba ta dube ni ba, na gode mata da wannan.

Ta rage man tankin tukuna. Ta kwance gwangwanin gawayi ta miƙo mini. Abin da ya kamata ya yi sakayau, ya yi nauyi kamar bulo, ta karkata shi fetur ya zubo shaa. Ta toshe mafita, ta jona akwatin, muka tsaya. Minti ɗaya, biyu. A ƙasa babu komai, har na fara jin wani daɗi, Allah ya yafe mini. Sai ta buɗe ƙofar baya, ta ɗaga kujerar. Ga hayaki nan siriri yana fitowa ta gefen ɗan murfin ƙarfen da ke saman tanki. Ta kwance murfin, robarsa ta cinye. A ƙarƙashi, tiyo ya tsage a lanƙwasa, ta sama, inda sabulu ba ya kaiwa, ido ba ya gani. Wurin da hanci kaɗai ke kamawa. Daidai ƙarƙashin mazaunin yaran.

Mutane sun taru. Sai yarinyar nan ta ɗaga murya ta ce: "Bambo ne suka ce in ɗaga kujerar baya. Ni tabbatarwa kawai na yi."

Aka hau gyaɗa kai. "Hanci ke nan!" "Tsohon hannu!" Wanda ya ja mini hanci ranar Litinin har da tafi. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, na ji daɗi. Na tsaya na karɓa, har na gyara hula.

Ƙarfe goma Mayi Chiwaya ta iso. Pilirani ta nuna mata tsagar, ta nuna mata gwangwanin, ta ce fetur ne ya malala ya cika gawayin ya toshe shi, tururi ya rasa hanya ya fasa inda ya fi rauni. Ta tambaye ta ko tana ƙara mai bayan famfo ya tsaya.

"Har wuya. A jijjiga, a ƙara. Bambo Matewere ne suka koya mini."

Aka yi dariya, amma gajeruwa, don rabin masu dariyar ni na koya musu su ma. Pilirani ta sunkuyar da kai, ba ta san nan tambayar za ta faɗa ba.

Namakhwa, wai shi mai gyara zance, ya ce ai Bambo ne ma ya gano wurin. Malama ta juyo. Ta cire tabarau, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Kun san wurin? To in kun san wurin, me ya sa kuka maido mini da mota sau biyu kuka ce lafiya take?"

Da na ce sai jiya na gano, da an wuce wurin. Kalma huɗu ce, tana kan harshena. Pilirani ma ta buɗe baki za ta ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Na ɗaga mata hannu.

Na ce ban san wurin ba. Na ce yarinyar nan rufa mini asiri take, ita ta gano, ita da akwatinta. Na ce ba na jin wari, Mayi, tun Yuli, ko fetur aka zuba mini a gemu ba zan sani ba. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, har mai masara ya ji.

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Ta mai da tabaraunta. "Rashin hanci ba laifi ba ne, Bambo, ciwo ne. Da kun ce ba ku ji ba, da na ce Allah ya ba ku lafiya. Amma ce mini kuka yi babu. Na koma na ce wa yaro ɗan shekara shida ya daina shagwaɓa."

Ta ce Pilirani ta ƙarasa aikin. Na tsallako ni kaɗai.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ban je coci ba. Nachisale ta je, ta dawo, ba ta kawo mini labarin kowa ba. Na cinye abincinta tas.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Mota biyu kawai a mako. Ɗaya birki, ɗaya fitila. Daga Limbe babu kowa.

Nachisale ta kawo kujerarta da tiren mandasi, irin fanken nan, ta kafa a bakin rumfa, wai nan ya fi kasuwa. Ban hana ta ba, titi na gwamnati ne. Mai birkin nan da ya zo, ta ɗan zagaya motar kamar tana neman canji, ta dawo ta ce mini ƙafar baya ta hagu na ƙauri. Da ma can nan zan fara dubawa.

Sauran karan sigarin na ba mai masara. Jiya kuma a layin mai, da famfo ya yi ƙas na ce ya isa. Bayana ke ciwo, ba zan iya jijjiga mota ba. Direban da ke bayana ya fara jijjiga tasa, na ce ya bari, ya ce wa ya tambaye ni. Mutanen garin nan ba sa jin magana.

Kwana huɗu ke nan ina fitowa tun bakwai saura, saboda sharar da iska ke tarawa a bakin gareji. Bakwai da minti goma motar Malama take wucewa. Gilasai a rufe, yaran na ta surutu a baya, ƙaramin ya manna fuska a gilashi yana yi wa mutane gwalo. Lafiyarsa ƙalau, ga alama.

Biyar ne. Na ƙirga sau biyu. Yarinyar da aka cire ba a maido ta ba.

Malama ba ta dubi wajena ba. Gobe ma akwai shara.